Furar da Ɗan Farina Ya Ƙi Karɓa

Shekarun baya, ba da nisa sosai ba, tun idona na dama bai fara hazo ba, wani abu ya faru a gidanmu na Gwallaga wanda har yau in na tuna sai in yi shiru. Ni ban yi boko ba, ban iya riƙe alƙalami ba. Jikata ce zaune a gefena tana rubuta abin da nake faɗa, na kuma ja mata kunne kada ta ƙara gishiri. Labarin na'ura ne, amma ba don na'urar nake ba da shi ba.

Ina da jika namiji, ɗan babban ɗana. A lokacin yana karatu a jami'ar da ke Gubi, kullum da safe ya bi motar haya, da yamma ya dawo ya shige ɗakinsa. Akwai wani wasa da yake kula da shi a kwamfuta. Ba irin wanda mutum ke yi shi kaɗai ba ne. Gari guda ya gina a ciki, da ganuwa, da kasuwa, da maƙera, da ruga a bayan gari. Mutane suna shigowa daga gidajensu, wani a Jos, wani a Gombe, wani a nan bayan layinmu, kowa da ɗan mutum-mutuminsa yana yawo. Inda garin yake zaune suna ce masa saba. Ya ce mini wata kwamfuta ce a ƙasa mai nisa, wadda ba ta barci. Na ce Allah ya ba ta haƙuri.

A cikin garin aike ake yi. Wannan ya ce ka ɗebo masa ruwa, wancan ya ce ka kai wa maƙeri gawayi, wata ta ce ka nemo mata akuyarta. Akwai wani ƙarin abu da ya ɗora wa wasan, fulogin suke ce masa, shi ke raba aiken, shi ke riƙe da sharuɗɗa. Ni mai gadi na sa masa suna. Ba a ba ka aike na gaba sai mai gadi ya duba ya ga ka cika sharaɗin na baya. In ka cika, sai ya yi maka alama, wadda kai ba ka gani, shi yana gani. Da yaron ya bayyana mini haka, ban sha wahalar ganewa ba. A ruga na tashi, can wajen Zungur, inda ake tsaga kunnen maraƙi don a san na wane ne.

Wata rana ya shigo ɗakina da waya a hannu, ya ce, “Uwargida, aiki na kawo miki.”

Na ce, “Mijin da ba ya cefane, da wane baki zai sa ni aiki?”

Ya yi dariya, ya zauna ya yi mini bayani. Duk baƙon da ya shigo wasan, a ruga yake fara sauka. A can ya ajiye wata tsohuwa mai fura. Za ta yi wa baƙo tayi, in ya karɓa ya sha, sai ta bar masa ƙwaryar. Wannan ƙwarya ita ce sharaɗin shiga gari, wanda ba ya riƙe da ita ba a buɗe masa ƙofa. Abin da yake so shi ne muryata, don ya san na yi shekaru ina tallan fura da nono kafin mu dawo cikin gari. Ya nuna mini tsohuwar. Kai kamar bulo, ba wuya, hannu kamar muciya. Na ce ko lokacin da na yi doguwar jinya ban kai wannan muni ba. Amma na yarda. Na gyara zama na ce, “Sannu da hanya, ɗan nan. Ga fura, jiƙa maƙoshi.” Ya ɗauka. Da ya sake kunna mini, sai na ji ashe haka muryata take, kamar ana jan turmi a ƙasa.

Ba a jima ba ya dawo da ƙara. Yaran da ke wasan sun gano tsohuwar ba ta gajiya da kyauta. Mutum ya sha, ya zagaya bukka, ya dawo ya sake karɓa, har ƙorai suka cika kasuwar garin. Don haka ya sa sabon sharaɗi: da zarar tsohuwa ta yi wa mutum tayi, mai gadi ya yi masa alama, kuma ba ta sake yi wa mai alama tayi. Wanda ya dawo da alamar a jikinsa, wata magana daban zai ji. Ita ma ni na faɗa, kuma ba zan ɓoye muku ba, da daɗin rai na faɗe ta. Na ce, “Kai kuma ka dawo? Ba ka da kunya ne? Wuce ka ba ni wuri.” Muka yi ta dariya ni da shi. Kwaɗayin yara ya ƙare daga ranar.

Yanzu sai in gaya muku wane ne uban yaron. Shi ne ɗan farina. Mu a wajenmu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna shi nata ne a gaban mutane. Ana yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Tun da ya yi wayo ban taɓa miƙa masa abinci hannu da hannu ba, shi ma bai taɓa kai loma baki a gabana ba. Yanzu ga shi da furfura a gemu, da shagon yadi, da iyali, amma duk Juma'a in an sauko daga masallaci zai zo ya durƙusa a bakin ƙofata ya ce, “Kun wuni lafiya?” Ni kuma in amsa ina kallon bango. 'Yan yanzu suna ganin kamar ƙiyayya ce. Ba ƙiyayya ba ce. Wanda ya sani ya sani.

To, wani maƙwabcinsa a kasuwa ya zuga shi, ya ce irin waɗannan wasanni caca ce a ɓoye, kuma suna koya wa yara rashin tarbiyya. Ya dawo gida ya ce a rufe wasan. Yaron ya shiga damuwa ƙwarai, don ya daɗe yana gina garin nan, bulo bayan bulo, kuma a kansa yake so ya nuna wa malamansa abin da ya iya. Ya bi ta wajen mahaifiyarsa, surukata, ta yi ta lallashi. Uban kuwa mutum ne mai tsauri, amma ba azzalumi ba ne. Ya ce ba zai yanke hukunci a kan abin da bai gani ba. Ranar Juma'a zai shiga da kansa, daga farko, kamar kowane baƙo. In ya ga abin assha, za a rufe, kuma ba ya son a sake tayar masa da maganar.

Juma'a ta zo. Aka fito da kwamfuta baranda, aka shimfiɗa darduma. Ni ina cikin ɗaki bayan labule ina tsince wake, ba na ganin su sosai amma ina jin komai. Yaron ya nuna masa yadda ake tafiya da yadda ake zaɓen amsa. Uban ya ce ya gane, a bar shi ya yi da hannunsa.

Can sai na ji muryata ta fito daga na'ura: “Sannu da hanya, ɗan nan. Ga fura, jiƙa maƙoshi.”

Yaron bai gaya masa muryar wa zai ji ba, yana so ya ba shi mamaki. Amsa biyu ce a rubuce a gabansa. Ɗaya ta ce, “Na gode, zan sha.” Ɗaya ta ce, “Alhamdu lillahi, a ƙoshe nake.” Ta biyun, yaron ya sa ta ne kawai don cike gurbi. Tun da aka buɗe wasan ba wanda ya taɓa danna ta, har shi kansa da yake gwaji. Ni kuwa tun kafin a danna na san wadda za a danna.

Ya ce a ƙoshe yake. Ya tsaya yana jira a sake yi masa tayi, kamar yadda ake yi a kowane gidan mutunci. Tsohuwa ba ta sake yi ba. Ya jira, ya gaji, ya nufi ƙofar gari. Aka ce masa ba ƙwarya, ba shiga. Ya juyo ya dawo ruga, ya tsaya gaban tsohuwa. Mai gadi ya duba ya ga alamar tayi a jikinsa. Shi bai san wanda ya sha da wanda ya ƙi ba, alama dai alama ce.

Sai na ji bakina, da muryata, a gaban ɗansa da matarsa, yana ce wa ɗan farina: “Kai kuma ka dawo? Ba ka da kunya ne? Wuce ka ba ni wuri.”

Waken da ke hannuna ya zube a faifai. Mutumin da kunya ta hana shi cin abinci a gabana tun yana yaro, shi aka tambaya ko ba shi da kunya.

Yaron ya rikice, ya ce kuskure ne, bari ya sa masa ƙwaryar a hannu yanzu-yanzu, ai shi ke da garin. Uban ya ce a'a, ba ya shiga gari ta bayan gida. Na ji ya miƙe, ya sa takalmi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Abin da ake gaya wa 'ya'yan mutane ke nan in sun nuna kara?” Ya ce a sanar da masu wasan su kwashe kayansu, kafin wata Juma'ar a rufe. Ya fita, ranar ko sallamar da ya saba yi mini bai tsaya yi ba.

Da la'asar yaron ya shigo ɗakina ido ja. Ya ce Baba ne ya danna ba daidai ba. Na ce daidai ya danna, ƙofarka ce ba ta san irinsa ba. Na tambaye shi ko ya taɓa lura da yadda ubansa ke shan fura a gidan nan. Ya yi tunani ya ce shi dai yakan ga kwano a baranda, daga baya ya gan shi ba komai. Na ce to, haka ne. In aika a yi masa tayi, ya ce ya ƙoshi. In sake aikawa, ya ce wallahi ya ƙoshi. Sai in sa a ajiye a rufe da faifai, ni kuma in tashi in shiga bayan gida kamar ina da aiki. Tun yana saurayi haka muke yi, ba mu taɓa zama mun shirya ba.

Sai ya ce, “Wannan ai sharuɗɗa ne. Zan iya rubuta su.”

Muka zauna kwanaki, in ya dawo daga makaranta, shi da kwamfuta, ni da baki. Alama ɗaya da yake da ita ya raba ta uku: ta wanda ya sha, ta wanda ya ƙi sau ɗaya, ta wanda ya ƙi sau biyu. Faɗan nan nawa ya ɗaure shi a kan wanda ya sha kaɗai. Wanda ya ƙi sau ɗaya, a sake yi masa tayi. Wanda ya ƙi sau biyu, tsohuwa ta ajiye ƙwarya ta bar wurin.

A faɗe abu ne mai sauƙi. Gwajin farko, tsohuwa ta kama tayi ba ƙaƙƙautawa. Ka ƙi, ta sake, ka ƙi, ta sake, kamar 'yar tallan da aka ce kada ta dawo da saura. Yaron ya yi ta dubawa har ya gano. Ya ce mai gadi daga sama yake karanta sharuɗɗa zuwa ƙasa, wanda ya fara dacewa a nan yake tsayawa. Wanda ya ƙi sau biyu yana ɗauke da alamar sau ɗaya ita ma, kuma ita ce a sama, don haka ba a taɓa isa ta ƙasan. Ya ɗauko sharaɗin sau biyu ya mayar sama. Na ce ai haka ake rabon tuwo, babba ake fara zuba wa.

Gwaji na gaba ya kira abokinsa ya shigo daga gidansu. Tsohuwa ta ajiye ƙwarya kenan, kafin jikana ya miƙa hannu, abokin ya zo wucewa ya sure ta ya ruga. Ina jin dariyarsa ta waya. Na ce kajin gidan nan ma haka suke yi, shi ya sa ake rufewa da faifai. Sai ya haɗa sharaɗi biyu wuri guda, dole su cika tare: ƙwaryar da aka ajiye ba ta ɗaukuwa sai ga wanda ya ƙi sau biyu, kuma wanda bai riga ya sha ba.

Mun yi gardama a wuri biyu, kowa ya ci ɗaya. Ni na so a hukunta duk wanda ya karɓa tun tayin farko, a ba shi ƙaramar ƙwarya ko mai tsaga, don ya koyi kara. Ya ƙi. Ya ce yaran nan daga gidaje daban-daban suke, wani a gidansu ƙin tayi shi ne raini, kuma baƙon da ya sha don yana jin ƙishi bai yi laifi ba. Na juya maganar a raina, na ga gaskiyarsa, na bar masa. Shi kuma ya so ya sa wa tsohuwa lokaci, ta ɗan ɓuya kaɗan ta dawo, don kada ruga ta zauna ba kowa. Na ce a'a. Ba za ta dawo ba sai an sha. Kunya ba ta da agogo. Ya ce hakan zai sa sai ya raba wa kowane baƙo tsohuwarsa, wani yana ganinta wani ba ya gani, aiki ne babba. Na ce to ka yi babban aikin. Ya yi.

Muka ɗauki sababbin maganganu. Har ya ce ko zan kira sunan Baba a ciki, don ya ji daɗi. Na ce ya kiyaye ni, in ba so yake in fasa auren ba.

Saura yadda za a dawo da mutumin kan darduma. Ni ba zan iya ce masa komai ba. Na kira surukata na ce, in ya dawo daga kasuwa ta gaya masa tsohuwar ruga ta ce ba ta gama magana ba aka tashi. Ta tambaye ni wace tsohuwa, ta ciki ko ta waje. Na ce ke dai faɗa masa haka.

Juma'a ya zo, ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa. Na ji ya miƙe ya koma tsakar gida. Sannan ya ce wa yaron, “Kawo abin naka.”

Yaron ya goge masa tsohuwar alama, ya mayar da shi bakin ruga kamar yau ya zo. Ina bayan labule, wannan karon ba wake a hannuna, carbi ne.

“Sannu da hanya, ɗan nan. Ga fura, jiƙa maƙoshi.”

Ya ce a ƙoshe yake.

“Haba ɗan nan, rana ta yi. Ko ludayi ɗaya ne.”

Ya sake cewa a ƙoshe yake.

“To, ba komai. Bari in leƙa 'yan maruƙan can.”

Daga baya jikana ya gaya mini tsohuwa ta sunkuya ta ajiye ƙwarya a kan tabarma, ta rufe da faifai, ta juya ta zagaya bayan bukka. Ni abin da na sani shi ne shiru. Shirun ya yi tsawo har na ji keke ya wuce a layi, na ji mai gyaran takalmi yana kaɗa akwatinsa. Yaron ya yi hankali, ya tashi ya ce zai duba mitar wuta, ya bar uban shi kaɗai. Surukata ma ta shige kicin.

Sai na ji ƙarar da na'urar ke yi in mutum ya sha abu. Ƙwat, ƙwat, ƙwat.

Na taɓa jin ƙarar nan ba adadi lokacin gwaji, har ta ishe ni. Amma ranar sai da na sa gefen mayafi na share ido.

Aka buɗe masa ƙofar gari. Ya kai wa maƙeri gawayi, ya ɓata a kasuwa, ya yi faɗa cewa an jera rumfar yadi kusa da ta mahauta, wane mai hankali ne zai yi haka. Bai tashi ba sai da aka kira la'asar. Ya ce wasa ya zauna, amma shi ma yana da nasa sharuɗɗan: in an kira salla a tsaya, ranar Asabar kuma yaron ya zo shago. Yaron ya ce ya ji ya karɓa, tun tayin farko.

Da zai fita ya tsaya daidai ƙofata, ya ba labule baya. Ya ɗaga murya kaɗan, da ɗansa yake magana. Ya ce, “Ka gaya wa tsohuwar rugar nan, furarta ta yi.”

Yaron ya ce, “Za ta ji, Baba.”

Yau jikan nawa ya gama karatu, yana aiki, wasu ƙannensa ke riƙe da garin. An ce mini an canja abubuwa da yawa a ciki, an ƙara unguwanni, an rushe wasu. Tsohuwar ruga dai tana nan da kanta kamar bulo, kuma an ce a cikin baƙi akan sami jefi-jefi wanda zai ƙi, ya sake ƙi, sai ta ajiye ta tafi duba maruƙa. Ban san su ba, amma na san irin gidajen da suka fito.

Abin da na riƙe daga wannan shi ne, mai kafa sharaɗi da kansa yake aunawa. Jikana ya auna da masu cewa to, ni na auna da masu cewa a'a, kowannenmu ya kusa rufe wa wani ƙofa yana ganin gyara yake yi. Na'ura ba ta da laifi, abin da aka gaya mata shi take riƙewa, ba ta ƙari ba ta ragi. In ana so ta san kara, sai wanda ya san kara ya zauna ya faɗa mata dalla-dalla, abin da mu ba mu saba faɗa da baki ba.

Ni da ɗan farina ba abin da ya canja. Har yau ban kira sunansa ba, kuma ba zan kira ba. Duk Juma'a ina dama fura, a yi masa tayi ya ce ya ƙoshi, a ajiye a rufe da faifai, in tashi in zagaya baya. Ba ni da maraƙi ko ɗaya a Gwallaga. Amma nakan daɗe ina duba su.